Kotu na iya tilasta wa masu bututun mai da gas su bi dokar kariya, ko sai an yi asarar rai ake zuwa?

Abu_Hanifa82:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga lauyoyi da injiniyoyin da ke cikinmu. Kusan duk ƙasar da ke da bututun mai ko na iskar gas tana da dokar da ta ce a binne shi zurfi kaza, a riƙa duba lafiyarsa, a sanar da hukuma da zarar ya fara yoyo. Dokokin suna nan a rubuce. To idan kamfani ya yi biris da su, ita kuma hukumar da aka ɗora wa sa ido ta kau da kai, mutumin da bututun ya bi ta bayan gidansa zai iya zuwa kotu ya ce a tilasta musu tun kafin wani abu ya faru? Ni dai duk shari'ar da na taɓa jin labarinta, sai an gama kwashe gawarwaki ake fara ta. A ganina kotu a wannan harka ihu ne bayan hari. Wanda ke da hujjar da ta saɓa wa haka, bismillah.

Kwamared_Sule:
Wa alaikumus salam. Ai ka gama magana, Malam. Dubi San Bruno a jihar Kalifoniya ta Amurka. Ranar 9 ga Satumba 2010 bututun gas na kamfanin PG&E ya tarwatse a tsakiyar unguwa, mutum 8 suka mutu, gida 38 suka ƙone ƙurmus. Sai 2016 aka samu kamfanin da laifi, a farkon 2017 alƙali ya ci shi tarar dala miliyan 3. Miliyan 3 fa, ga kamfanin da ke juya biliyoyi. Kuma ko masinja ba a ɗaure ba. In a Amurka haka ne, ina ga sauran wurare?

Barista_Rabi:
Kwamared, abin da ka faɗa gaskiya ne amma guntu ne. Alƙalin bai yi sassauci ba, iyakar abin da doka ta ba shi ke nan: laifi 6 aka tabbatar, kowanne ƙololuwar tararsa dala 500,000. Biyar na karya dokar kariyar bututu ne, ɗaya kuma na yi wa masu bincike ƙafar ungulu. Bayan tarar an sa kamfanin ƙarƙashin sa idon kotu shekara 5, an naɗa masa mai bibiya daga waje, an kuma wajabta masa ya sayi lokaci a talabijin ya shaida wa jama'a da bakinsa cewa an same shi da laifi. Babbar tarar, dala biliyan 1.6, hukumar kula da kamfanonin wuta da gas ta jihar ce ta ɗora a 2015.

Shi ya sa nake son mu raba abubuwa tun yanzu, kada mu yi ta musu kowa na nufin abu daban. Shari'ar laifi gwamnati ce ke shigar da ita, burinta hukunci. Ƙarar neman diyya wanda aka cuta ne ke kai ta, kuma dole sai an cutu ɗin. Abin da Malam Abu Hanifa ke tambaya shi ne na uku, wato neman umarnin kotu cewa a gyara ko a dakata. Wannan ba ya jiran gawa. Yana nan a doka, wahalar samu ce da shi.

Kwamared_Sule:
Barista, sa idon nan da kike yabo, a cikinsa ne wayoyin lantarkin kamfanin suka tayar da gobarar dajin 2018, har ya amsa laifin kisa ba da gangan ba na mutum 84 a 2020. Shi kansa alƙalin da ya riƙe sa idon, William Alsup, da wa'adin ya zo ƙarewa ya rubuta cewa ba su yi nasarar gyara halin kamfanin ba.

Barista_Rabi:
Haka ne. Ban ce magani ne mai warkarwa nan take ba. Cewa na yi adadin tara kaɗai ba ya nuna abin da kotu ta yi.

Injiniya_Bashir:
Bari in shigo ta ɓangarenmu, don ina ganin ana tsallake asalin abin. Bututu ba ya fashewa haka kawai. Tsatsa ce ke cin sa ta ciki ko ta waje, ko walda ce ta zo da aibu tun ranar da aka shimfiɗa shi, ko an tura masa matsin da ya fi ƙarfinsa, ko wani ya zo da motar haƙa ya sare shi. Kuma duk waɗannan, ban da na ƙarshen, ana iya gano su tun da sauran lokaci. Akwai na'urar da ake cusawa cikin bututun, man ko gas ɗin ne ke tura ta daga wannan tasha zuwa waccan, tana auna kaurin ƙarfe duk inda ta wuce. Akwai gwajin da ake cika bututu da ruwa a matsa shi fiye da yadda yake aiki kullum, in zai ɓalle ya ɓalle da ruwa. Akwai 'yar wutar lantarki da ake bi da ita jikin ƙarfen don rage tsatsa. Duka kuɗi ne, wasu kuma sai an tsayar da aiki, shi ya sa ake ja da baya.

Na yi aikin dubawa a wani kamfani da ba zan ambata ba. In na'urar ta fito, sai a zauna da dogon jadawali, kowane layi wuri ɗaya ne a jikin bututun, da yawan ƙarfen da ya zaizaye. Wuraren da suka yi muni mu shafa musu ja. Na ga an kawo jadawali shafi guda kusan rabinsa ja, manaja ya zare tabarau ya duba, ya ce a haƙa guda biyu na kusa da titi, sauran a bar su sai kasafin baɗi. Ba mugu ba ne, mutum ne da aka ba kuɗin da ba su isa ba. Amma takardar nan ta shiga durowa, kuma mutanen da ke kwana a saman jan layin nan ba su san da ita ba.

A San Bruno ɗin da kuke magana, an shimfiɗa wannan sashen a 1956. Takardun kamfanin sun nuna bututu ne marar ɗinki, da aka tono sai ga shi da ɗinkin walda, waldar ma ba ta cika ba. Bayan ya fashe sai da aka yi minti 95 kafin a rufe gas ɗin, saboda sai da ma'aikata suka je suka murɗa bawul da hannu. Ni a wurina babban amfanin kotu shi ne tana iya buɗe wannan durowar.

Maman_Ilham:
Innalillahi. Injiniya, to kai da ka gani me ya hana ka kai rahoto?

Injiniya_Bashir:
Hajiya, rahoton ai shi ne takardar. Mun rubuta, mun sa hannu, mun miƙa. Abin da ya wuce nan kuma sai mutum ya shirya rasa aikinsa, kuma ba kowace ƙasa ke da dokar da ke kare mai tona asiri ba.

Zainab_Muhalli:
Maganar durowar nan ta Injiniya, shari'ar Bodo ce ta fi nuna ta. Bodo na yankin Ogoni a jihar Ribas. An samu manyan malalar mai guda biyu daga bututun Shell tun daga 2008. Kamfanin ya daɗe yana cewa abin da ya zuba gaba ɗaya bai wuce ganga 4,000 ba. Da masunta suka kai ƙara Landan aka fara musayar takardu, a 2014 ya yarda cewa adadin da ya bayar ya yi ƙasa da gaskiya. Takardun cikin gida kuma suka nuna tun shekaru kafin nan ma'aikatansa sun yi gargaɗin cewa bututan yankin sun tsufa. A Janairun 2015 aka sasanta a kan fam miliyan 55, miliyan 35 ga mutum kusan 15,600, miliyan 20 ga al'ummar. Lauyoyinsu sun ce tayin farko da aka yi wa garin baki ɗaya fam 4,000 ne. Ba zanga-zanga ce ta fito da waɗannan takardu ba, tsoron tsayawa gaban alƙali ne.

Abu_Hanifa82:
Malama Zainab, na yarda, amma duba: mai ya riga ya zuba, kifi ya riga ya mutu. Har yanzu bayan hari ne.

Dan_Gaskiya01:
Ku dai ku riƙa faɗin gaskiya. Kullum kamfani, kamfani. Su wa ke fasa bututun? A Jesse a jihar Delta, Oktoban 1998, sama da mutum 1,000 suka ƙone, akasarinsu sun je ɗibar fetur ne da bokitai da jarkoki. A Tlahuelilpan ta ƙasar Mekziko, Janairun 2019, ɓarayi suka huda bututu, jama'a suka yi dafifi, mutum 137 suka tafi. Wa za a kai kotu a nan? Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Zainab_Muhalli:
Babu mai musun ana sata. Tambayar ita ce wa ke yanke hukuncin cewa wannan ramin sata ce, wancan tsatsa ce? A Najeriya ana tura tawagar binciken haɗin gwiwa, da wakilin kamfani, da na hukuma, da na gari. Sau da yawa jirgin ruwan da za a shiga na kamfani ne, na'urar aunawa tasa ce, mai fassara abin da aka gani ma injiniyansa ne. In aka rubuta zagon ƙasa a fom, shi ke nan diyya ta tafi. Mai laifi ke nan ake ba alƙalami ya rubuta sakamakon binciken kansa.

Barista_Rabi:
A nan doka ke da daɗi. Dokar Bututun Mai ta Najeriya tun 1956 take. Sashe na 11(5) ya ce mai lasisi zai biya diyya idan bututunsa ya fashe ko ya yi yoyo, sai fa in laifin shi wanda ya cutu ne ko aikin ganganci na wani daban. Kamfanoni sun daɗe suna fakewa a bayan wannan togaciyar. To a 2014, cikin shari'ar Bodo, alƙalin Landan ya ce ko da ɓarayi ne suka fasa, kamfani na iya ɗaukar alhaki idan aka tabbatar ya yi sakaci wajen kare bututun. Sannan ranar 29 ga Janairu 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Hague a ƙasar Holan, tana aiki da dokar Najeriya, ta ce a wata ƙara daban da aka kai Shell, kamfanin ne zai tabbatar da zagon ƙasan ba tare da wani kokwanto ba. Bai iya ba a kan malalar Oruma da ta Goi, ƙauyuka biyu a yankin Neja Delta, sai aka ɗora masa alhaki. Dan_Gaskiya, ka ga ba a wanke ɓarawo ba. Cewa aka yi in ka ce ɓarawo ne, kawo shaida.

Malam Abu Hanifa, ga inda ya shafe ka. Wannan hukuncin bai tsaya a diyya ba. Kotun ta umarci Shell, har da uwar kamfanin, su sa na'urar gano yoyo a bututun Oruma cikin shekara guda, in sun saɓa kuma tarar yuro 100,000 kowace rana. Wannan umarni gaba yake kallo. Lokacin da aka sanar da sulhun yuro miliyan 15 a Disambar 2022, an bayyana cewa wani ƙwararre mai zaman kansa ya tabbatar an sa na'urar.

Dattijo_Mai_Nazari:
'Yata Barista, Allah ya ƙara basira. Sai dai ki faɗa wa yaran nan shekarar da aka shigar da ƙarar. 2008 ne. Manoma huɗu da ƙungiyar kare muhalli ta Holan, Milieudefensie. Shekara 13 kafin hukuncin da kika ambata, wasu daga cikin manoman sun rasu 'ya'yansu ne suka ci gaba. Na ji daɗin na'urar, amma duk tsawon shekarun nan man bai daina bi ta bututun ba.

Direban_Katafila:
Gafara dai malamai, ni ba ɗan boko ba ne sosai amma abin ya shafe ni. Aikina tuƙa motar haƙa. An taɓa kai mu wani aikin magudanar ruwa, ɗan kwangila ya nuna mini layi da sanda ya ce haƙa daga nan zuwa can. Na tambaye shi ba komai a ƙasa? Ya ce babu. Ina cikin aiki haƙorin bokitin ya ɗago wata ledar gargaɗi mai ruwan ɗorawa, ƙasa ta cinye rabinta. Na kashe inji na sauko, muka bi da shebur a hankali, sai ga bayan bututu baƙi ƙirin, ko kamu biyu babu tsakaninsa da inda haƙorin ya tsaya. Ba turke, ba allo, ciyawa ta rufe komai. Da na sare shi, ni za a kama, in ma na rayu ke nan. To a irin wannan wa kotu za ta tambaya?

Injiniya_Bashir:
Allah ya kiyaye gaba, Malam direba. Abin da ya faru a Ijegun da ke Legas ke nan a Mayun 2008, motar aikin titi ta sari bututun mai, wuta ta bi gidaje har kusa da makaranta. Wani lokacin ma ba ya fashewa nan take. A Ghislenghien ta ƙasar Beljiyam injin gini ne ya karce bututun gas, aka rufe da ƙasa aka tafi, sai bayan makonni ya tarwatse ranar 30 ga Yuli 2004, mutum 24 suka mutu, ciki har da 'yan kwana-kwanan da suka zo dubawa. A Amurka akwai lambar waya 811, doka ce ka kira kafin ka haƙa, su zo su shafa fenti su kafa tutoci a inda kayansu suka bi.

Barista_Rabi:
Amsarka, Malam direba: duka ukun, kai da ɗan kwangila da mai bututu, kowa gwargwadon abin da ya rataya a wuyansa. A shari'ar Beljiyam ɗin kotun farko ta wanke kamfanin bututun, Fluxys, a 2010, amma kotun ɗaukaka ƙara ta Mons ta juya hukuncin a 2011 ta same shi da laifi. Mai bututu ba zai binne abu ya manta da shi ba, alhali yana ganin ana gini a kansa.

Ummi_Dalibar_Shari'a:
Anti Rabi, don Allah ki koma kan hanya ta uku. Wa ke da ikon shigar da irin wannan ƙara? Mu dai an koya mana sai wanda abin ya shafa kai tsaye.

Barista_Rabi:
Ƙanwata, ya danganta da ƙasa. Dokar kariyar bututu ta Amurka ta fito fili ta ba kowane mutum damar kai ƙarar mai karya ta, ya nemi umarnin kotu. Amma da sharuɗɗa: sai ka ba da sanarwar kwana 60 ga hukuma da wanda kake zargi, kuma in gwamnati ta riga ta fara bin maganar da gaske, taka ta tsaya. Ba kuɗi za a ba ka ba, gyara za a sa a yi. Wani abin takaici kuma, birnin San Francisco ya gwada amfani da wannan sashe a 2012 ya kai ƙarar ita kanta hukumar tarayya mai sa ido, PHMSA, cewa ba ta yin aikinta. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta ce sashen bai ba da wannan damar ba. Wato za ka iya jan kamfani, amma jan mai gadin da ya yi barci ya fi wuya.

A Najeriya an daɗe ana korar ƙungiyoyi da cewa ba gonarku ba ce, me ya kawo ku. Kotun Ƙoli ta sauya wannan a 2018, a ƙarar Centre for Oil Pollution Watch da NNPC, kan wani bututu da ya fashe a jihar Abiya a 2003 ya gurɓata rafukan da mutane ke sha. Ta ce ƙungiya mai kishin muhalli na da hurumin kai ƙara a madadin jama'a. Ku karanta wannan hukunci, ku ɗalibai.

Kwamared_Sule:
2003 zuwa 2018. Shekara 15, kuma ba a ma taɓa maganar man ba, ana ta musu ne a kan wa ya isa ya yi magana.

Tsohon_Magatakarda:
Kwamared ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Na tsufa a rajistar kotu. Irin waɗannan shari'o'i ba a cika kayar da mai ƙara a kan gaskiyar magana ba, gajiyar da shi ake yi. Lauyan kamfani zai fara da cewa kotun ba ta da hurumi. A yanke, ya ɗaukaka ƙara a kan wannan kaɗai, ya nemi a dakatar da sauraro. Kafin a dawo an yi wa alƙalin canjin wurin aiki, sai a faro daga farko. Na ga fayil da aka ɗaure da igiya saboda kauri, bangonsa ya yage an manna wani, an soke sunan mai ƙara na farko da jan biro an rubuta na ɗansa a sama.

Ku tuna shari'ar Shell da Isaiah. Mutanen da malalar mai ta shafa sun yi nasara a babbar kotun jiha, sun yi a kotun ɗaukaka ƙara, a 2001 Kotun Ƙoli ta ce tun asali ba can ya kamata su je ba, maganar bututun mai ta Babbar Kotun Tarayya ce. Komai ya rushe. Mutanen Ejama-Ebubu kuwa, malalar tun wajen 1970 ce, hukunci ya zo 2010, sai 2021 kamfanin ya amince zai biya naira biliyan 45.9. Shari'a saɓanin hankali, in ji masu magana.

Maman_Ilham:
Baba, to in haka ne ai gara a ƙarfafa hukumar kawai ta riƙa cin tara nan take, a huta da kotu.

Barista_Rabi:
Hajiya, ko nan ɗin ma kotu na tsaye a hanya. An kafa NOSDRA, hukumar kula da malalar mai ta Najeriya, a 2006, dokarta ta ce a kai rahoton malala cikin awa 24, wanda ya ƙi tarar naira 500,000 kowace rana. Amma a 2018 kotun ɗaukaka ƙara, a shari'ar hukumar da Mobil, ta ce ba ta da ikon ɗora tara da kanta, aikin kotu ne, don ba za ka zama mai ƙara kuma alƙali ba. Saboda haka ko an so ko an ƙi, sai an bi ta gaban alƙali.

Dan_Gaskiya01:
Ni fa har yanzu ina kan bakana. Tara da diyya duk daga aljihun masu sayen mai da gas suke fitowa a ƙarshe. In ana son gyara a ɗaure mutum. Ɓarawon da ya huda a ɗaure shi, manajan da ya ce sai baɗi shi ma a ɗaure shi. Rana ɗaya a gidan yari ta fi tarar biliyan.

Dattijo_Mai_Nazari:
An taɓa yi, ɗana, amma da wuya. A Bellingham ta jihar Washington, 10 ga Yuni 1999, bututun fetur na kamfanin Olympic ya fashe, sama da galan 200,000 ya kwarara cikin rafin da ya ratsa wurin shaƙatawa, wuta ta kama. Yara biyu 'yan shekara 10 da wani saurayi ɗan 18 suka mutu. An ɗaure jami'an kamfanin biyu, ɗaya wata 6, ɗaya kwana 30. Kaɗan ne, amma an ɗaure. Abin da ya fi burge ni shi ne an ware dala miliyan 4 daga tarar aka kafa ƙungiyar Pipeline Safety Trust, wadda aikinta bin diddigin kamfanonin da hukumar. Majalisar dokokin Amurka kuma ta yi sabuwar doka a 2002 da ta tsananta duba bututan gas a wuraren da jama'a suka yi yawa. Ina ganin wannan ma amsa ce ga mai tambaya. Shari'ar ta zo wa yaran nan a makare, amma ba ta zo wa garin gaba a makare ba.

Injiniya_Bashir:
Matsalar ɗaure mutum ɗaya ita ce shawarar a warwatse take. Wanda ya auna daban, wanda ya yanke kasafi daban, wanda ke zaune gaban kwamfuta a ɗakin sarrafawa daban. Dubi kamfanin Enbridge a jihar Mishigan ta Amurka, Yulin 2010. Bututu ya tsage, ƙararrawa na ta kuka, ma'aikatan suka ɗauka giɓi ne kawai ya samu a cikin layin, suka sake kunna famfo har sau biyu. Awa 17 kafin a gane, sama da galan 800,000 na ɗanyen mai ya fita, mai yawa ya shiga kogin Kalamazoo. Wa za ka ɗaure, wanda ya danna maɓalli ko wanda ya san da tsagar tun shekaru bai haƙa ba? Yarjejeniyar da aka kai gaban kotu a 2016 ta kai dala miliyan 177, kuma miliyan 110 daga ciki ba tara ba ce, aikin kariya ne da aka wajabta a kan layukan kamfanin, da wani na waje mai tantancewa. Ni irin wannan na fi so. Alƙali ya sa hannu, an rubuta wa'adi, manaja ba shi da bakin cewa sai baɗi.

Zainab_Muhalli:
Akwai kuma wanda ya fi ɗauri zafi ga kamfani. Bayan fashe-fashen gas na yankin Merrimack a jihar Massachusetts ta Amurka a 2018, kamfanin Columbia Gas ya amsa laifi a 2020, tarar dala miliyan 53, kuma cikin yarjejeniyar uwar kamfanin ta sayar da harkarta ta fice daga jihar.

Kwamared_Sule:
Duk misalan da suka yi aiki, ku lura, inda gwamnati ke jin tsoron alƙali ne. A 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin, a ƙarar Jonah Gbemre, ta ce ƙona iskar gas a yankinsu ya saɓa wa 'yancin rayuwa, a daina. An daina? Takarda ce kawai in babu mai aiwatarwa. Shi ya sa mutanen Ogale da Bille na jihar Ribas suka kai ƙarar Shell Landan, sai da Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce a 2021 za a iya sauraronsu a can. Wanda ba shi da lauyan Landan fa?

Abu_Hanifa82:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Na karɓi na Oruma da na Enbridge, umarni ne da ya taɓa ƙarfen da ke cikin ƙasa. Amma dukansu sai da aka yi ɓarna tukuna aka samu ƙofar shiga. Abin da nake nema shi ne wanda ya ga turaku sun faɗi, ya ga an yi gini a kan layi, ko yana jin wari, ya je kotu da wannan kaɗai.

Barista_Rabi:
Zai iya zuwa, Malam. Abin da alƙali zai nema shi ne hujjar cewa hatsarin na kusa, ba zato ba. Kamfani zai zo da injiniyoyi da takardar hukuma mai cewa komai lafiya, kuma alƙalai ba sa son tsayar da bututun da ke ciyar da tashar lantarki ko matatar mai a kan maganar baki. Saboda haka kada a fara da neman a rufe. A nemi abin da ke da sauƙin bayarwa: a fito da rahoton dubawa na ƙarshe, a maido da alamomi, a tono wuri kaza a gwada a gaban ƙwararren da kotu ta amince da shi. Kafin nan a rubuta wa kamfani da hukuma wasiƙa, a karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata, a ɗauki hotuna. Wasiƙar nan ko ba ta sa sun motsa ba, ta toshe musu hanyar cewa ba mu sani ba. In kuwa wari ake ji, wannan ba maganar lauya ba ce tukuna, a bar wurin, kada a kunna komai, a kira lambar gaggawa.

Direban_Katafila:
Ni ma in na ce ba zan haƙa ba sai na ga takarda daga masu bututu, aka kore ni, ina da ƙara?

Ummi_Dalibar_Shari'a:
Wannan kuma dokar ƙwadago ce, Malam, sai an ga irin yarjejeniyar da ke tsakaninku. Anti, ni tambayata ƙwararren da kika ambata. Masu na'urar aunawar nan duk kamfanonin mai ne ke ba su aiki. Wa zai biya shi, kuma wanne ne zai yarda ya tsaya ya ba da shaida a kan mai ba shi kwangila?

Injiniya_Bashir:
Waɗanda suka yi ritaya. Su ma sai kin lallaɓa, don da yawa suna karɓar aikin ba da shawara a ɓoye.